Me likitocin jami'a ke bincike a kai? Tambayoyi da amsoshi daga Zariya da Kano

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin koyarwa ya san zagayen safe: babban likita a gaba, ɗalibai na biye da shi da fararen riguna, kowa da ɗan littafinsa. Wata rana kuma sai wata ma'aikaciya ta zo bakin gado da takarda, ta ce ana wani bincike, in an yarda a sa hannu. Nan take 'yan jinya kan kalli juna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin mutane, misalan kuwa na ɗauko su ne daga makarantar likitanci da aka buɗe a 1967 a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Jami'ar Bayero da asibitinta na koyarwa, wato na Malam Aminu Kano.

Ba koyarwa da duba marasa lafiya ne aikinsu ba? Me ya kai su bincike?

Aiki uku ne a wuyan likitan jami'a, bincike shi ne na ukun. Dalili kuwa a fili yake. Manyan littattafan da ake karantar da ɗalibai da su, yawancinsu a Ingila da Amurka aka rubuta su, a kan marasa lafiyar can. Wanda ya rubuta su bai taɓa shan kunun kanwa ba, bai san kububuwa ba, bai taɓa karɓar haihuwar yarinyar da ta kwana uku tana naƙuda a ƙauye ba. Likitan da ke ganin waɗannan kullum, in bai tsaya ya ƙirga ya auna ya rubuta ba, babu mai yi masa.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da takardun da ya wallafa. Wannan ya sa ake samun tarin bincike na cika sharaɗi, wanda daga an buga shi sai ƙura. Ba irin wannan nake nufi a nan ba.

Bincike ba sai a ɗakin gwaje-gwaje ake yi ba, da kwalabe da madubin ƙara girma?

Wani a can ake yi, wani kuwa da biro da rajista kawai. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi fito da sunan Zariya ƙirga ne tsagwaronsa. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, suna rubuta shekarun uwa, tsayinta, ko ta zo awo, ko ta yi makaranta, da yadda ta kaya da ita da jaririn. Aka wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya fito shi ne mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci, da ƙananan 'yan mata, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Matan da suka yi karatu kuwa, ba su cika faɗawa wannan ramin ba.

Wani abin mamaki da suka gani: 'yan mata masu ciki da ba su gama girma ba, da aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, sai ga wasunsu suna ƙara tsayi da cikin a jikinsu. Ba wanda zai gane haka in ba yana auna tsayi a kowane awo yana rubutawa ba.

Gaskiya ne likitoci sun ce wankan jego na kawo ciwon zuciya?

An faɗa, kuma daga Zariya maganar ta fito, amma ba a nan ta tsaya ba. A shekarun 1970 likitocin can sun lura da yadda masu jego ke cika ɗakin mata da kumburin ƙafa da haki, wata ko kwanciya ba ta iyawa sai a zaune. Zuciya ce ta gaza. Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi mata 224 masu wannan larura, suka wallafa abin da suka gani a 1978. Sun ɗora laifin a kan al'adun jego: kunun kanwa mai cike da gishiri, wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, har kwana arba'in. Hujjarsu ita ce gishiri na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Bayani ne mai shiga hankali, shi ya sa ya zauna a littattafai shekara da shekaru.

Sai Farfesa Kamilu Karaye, likitan zuciya a Kano, ya sake buɗe maganar da na'urar hoton zuciya da na da ba su wadatu da irinta ba. Shi da abokan aikinsa suka tattara bayanan ɗaruruwan mata daga asibitoci a sassan Najeriya, suka kwatanta masu ciwon da masu jegon da ke lafiya. Ciwon dai yana nan, kuma a arewa maso yamma ya fi yawa, kusan mace ɗaya cikin haihuwa ɗari a Kano. Amma ba su ga cewa masu wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa sun fi sauran kamuwa ba. Abin da ya fi bin masu ciwon shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A wani binciken kuma ya sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin yawancinsu.

A ganina wannan ya fi kowane misali nuna yadda aikin yake. Na baya ba ƙarya suka yi ba, abin da kayan aikinsu ya nuna musu suka faɗa. Ba kuma a ce mai jegon da zuciyarta ta riga ta raunana ta ci gaba da ɗirkar kanwa ba, gishiri dai gishiri ne. An dai gano cewa in aka tsaya a kan faɗa da kakanni saboda ruwan zafi, talauci da yunwa na can suna ɓarna.

Saran maciji ma har da shi? Ai wannan aikin masu magani ne a ƙauye.

Kububuwa, wadda wasu ke wa kirari da gobe da nisa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai zo da ƙafarsa yana magana lafiya lau, bayan sa'o'i dasashi ya fara zubar jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya koma ja. Matsalar likita ita ce ya san wa dafin ya shiga jininsa, domin ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, maganin kuma tsada gare shi.

David Warrell, wanda ya yi aiki a Zariya a shekarun 1970, shi da abokansa suka fito da wata dabara da har gobe ake amfani da ita a Afirka da Asiya. A ɗebi ɗan jini a zuba a tsabtatacciyar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye, kada a taɓa, a duba agogo. Minti ashirin na cika sai a karkata kwalbar. In jinin ya daskare ya tsaya, madalla. In ya kwaranyo kamar zoɓo, dafi ya shiga, a ba da magani, bayan awa shida a sake gwadawa. Ba ya buƙatar lantarki ko na'ura, sharaɗinsa kawai kwalbar ta zama ta gilashi, ban da roba.

Aikin ya ci gaba a hannun irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero. A Kaltungo ta jihar Gombe, inda saran kububuwa ya yi ƙamari, an gwada magunguna biyu da aka haɗa da dafin macizan Najeriya, ɗaya a Birtaniya daga jinin tumaki, ɗaya a Kosta Rika daga jinin dawaki. Mutum 400 suka shiga, aka wallafa a 2010. Kowanne cikin biyun ya dawo da daskarewar jini cikin awa shida ga fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka ba. Su ne ake kira EchiTAb.

Me aka gano game da sikila?

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ana haifar kimanin 150,000 duk shekara. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne ciwon na iya jawo wa ƙaramin yaro shanyewar ɓarin jiki. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in ya yi sauri fiye da kima, yaron na cikin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara duk wata. To ina uban da zai iya wannan a nan, kuma ina jinin?

Shi ne Farfesa Shehu Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci da sauransu, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a madadin ƙarin jini. Yara 220 a Kano da Kaduna aka raba gida biyu, wasu na shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna bambanci a yawan shanyewar jiki tsakanin gidajen biyu ba. Ga mai sayen magani da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Akwai wanda ya sauya aikin ungozoma a asibiti?

Akwai, kuma da leda aka yi shi. Zubar jini bayan haihuwa ne ya fi kashe mata a wajen haihuwa, kuma ido yaudara yake yi: ma'aikaciya ta kalli zani da katifa ta ce bai kai ba, alhali ya wuce. Sai aka kawo wata shimfiɗar leda mai aljihu kamar mazurari, da zanen ma'auni a jiki. Ana sa ta a ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito. Jini na kai rabin lita, ba jira: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, duk a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a zauna a ga abin da zai faru.

An gwada wannan a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta riƙe ɓangaren Najeriya. A asibitocin da suka bi tsohon tsari, mata 43 cikin dubu ne suka shiga mummunan hali, a na sabon tsarin kuwa 16. An wallafa a 2023.

Duk da haka, ba gwaji ake yi da mu ba? Mun ji abin da ya faru a Kano.

Mai wannan tambaya yana da hujja. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano da yara 200. Rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su kuma bai karya doka ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ƙin allurar shan inna da aka yi a 2003, wannan tabon na cikin abin da ya rura shi.

A 2007 Najeriya ta fitar da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa. Yanzu sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince kafin a fara, kuma sai an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji. In an kawo maka takarda, tambayi me za a yi, me zai iya biyo baya, wa zai biya in wani abu ya faru, kuma a ba ka kwafi. Kana da ikon cewa a'a, kana da ikon fita ko an yi nisa, kuma doka ba ta yarda a rage maka kulawa saboda haka ba.

Wa ke biyan kuɗin, kuma me ya sa ba ma ganin amfanin a asibitin garinmu?

Manyan ayyukan nan yawanci da kuɗin waje aka yi su. Na sikila hukumar binciken lafiya ta Amurka ce ta ɗauki nauyi, na zubar jini Gidauniyar Gates, cibiyar binciken lafiyar al'umma ta Jami'ar Bayero da aka ɗora Farfesa Hadiza Galadanci a kan shugabancinta kuma da tallafin Bankin Duniya aka kafa ta. A gida akwai TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sai dai bai kai yawan masu nema ba.

Shi kuwa bincike, iyakarsa ya nuna abin da ke aiki. Sayen ledar awon jini, ajiye maganin dafi a firji kafin damina, da horar da mai riƙe na'urar auna jijiyar kai, wannan kasafin ma'aikatar lafiya ne. Maganin kububuwa da aka gwada a Kaltungo har yanzu daga waje ake shigo da shi, kuma an sha jin ya yanke a daidai lokacin girbi, sa'ad da manoma ke cusa hannu cikin dami.