Me ake nufi da "kalibar 50"?

Kwanan nan da wuya a ba da labarin kama makamai a rediyo ba ka ji an ce "bindiga mai kalibar 50" ba, wani ma ya ƙara gishiri ya ce milimita 50. Abin na ci mini rai, domin milimita 50 ai igwa ce. Lambar tana nufin kashi 50 cikin 100 na inci ɗaya, wato rabin inci, milimita 12.7. Faɗin ramin bututun bindiga kawai take nunawa, ba ta faɗin ƙarfi ko nisan zango.

Ko faɗin ma ba daidai take faɗa ba. Cikin bututun akwai tsage-tsage masu murɗewa da ke sa harsashi ya juya, to wasu masu ƙira suna aunawa daga tudu zuwa tudu, wasu daga kwari zuwa kwari. Shi ya sa kan harsashin .50 BMG, wanda aka ƙera wa bindigar John Browning ya shiga aikin sojan Amurka a 1921, ainihin kaurinsa inci .510 ne. Na .303 na Ingila .311 ne ko .312, na .308 kuwa .308 ne cif. Ka ga mai ƙaramin suna ya fi kauri.

Waɗanda wannan ruɗanin ya fi shafa su ne masu gasar harbin nesa a Amurka, irin waɗanda ke haɗuwa a Raton ta jihar New Mexico suna harbin allon ƙarfe daga mil biyu. Akasarinsu da kansu suke cika harsashinsu, kamar yadda dokar ƙasar ta yarda, suna sayen kwanso, albarushi, kan harsashi da 'yar ƙyastun da ke gindin kwanso daban-daban. Wanda ya sayi kai da sunan kalibar kawai, bai sa ma'auni ya auna ba, ya ɗauko wa kansa ruwan dafa kansa. Kan .311 a bututun .308 yana matsewa, matsin wuta ya hau, kwanso ya maƙale, wani lokaci ya tsage kusa da fuskar mai harbi.

Cikakken sunan harsashi lambobi biyu ne, faɗi da tsawon kwanso; tsawon kwanso shi ne rabin sunan da 'yan jarida ke yarwa. Na .50 BMG milimita 99 ne, na Rasha 108, dukansu ana kiransu 12.7, amma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. Kwanson da ya fito daga rarar kayan soja yana da araha, sai dai wanda aka harba a bindiga mai sarrafa kanta yakan kumbura, ƙyastun gindinsa kuma a danne take. Wasu kwansunan suna da ramin da wutar ƙyastu ke bi guda biyu a gefe maimakon ɗaya a tsakiya, su ne ke karya allurar cire ƙyastu. Ita ƙyastun ma tata daban ce, irin samfurin CCI 35, ta sauran manyan bindigogi ta yi mata ƙanƙanta. Ga cin albarushi: nauyin fam ɗaya da kyar yake cika harsashi 30.

Har 'yan majalisa sun faɗa wannan rami. A 2004 jihar Kalifoniya ta haramta bindigogin .50 BMG, ta rubuta ma'aunin kwansonsa a cikin doka. Sai wasu suka koma ga harsashin .510 DTC, mai kai iri ɗaya, kwanso ne kawai aka ɗan sauya wa siffa, kamfanin Barrett kuma ya fito da harsashin .416 a 2005. A ganina wannan ya isa hujja cewa duk mai ba da rahoto ya kamata ya faɗi lambobin biyu, 12.7 da 99, ko 7.62 da 39 na bindigar AK-47, in ba haka ba bai gaya wa mai sauraro wane makami aka kama ba.