Rukunin Jini, Shekaru da Fumfuna a Cututtukan Numfashi na Bairos

Cututtukan numfashi na bairos, irin su mura mai tsanani da korona, ba sa yi wa kowa lahani iri ɗaya. Wani ya yi tari na kwana kaɗan ya miƙe, wani kuma huhunsa ya kasa. Daga cikin dalilan da masana suka bincika akwai shekarun majiyyaci, da rukunin jininsa, da shigar fumfuna huhu bayan bairos ya raunana shi.

Shekaru

Wannan shi ne mafi ƙarfin dalili. A korona haɗarin mutuwa yana ƙaruwa ne gwargwadon tsufa, musamman daga shekara 65, domin garkuwar jiki ta yi sanyi, ga kuma ciwon suga ko hawan jini. Bairos ɗin RSV kuwa, wanda ke kama hanyoyin numfashi, jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ya fi galabaitarwa.

Annobar mura ta 1918 ta saɓa wa wannan tsari, don majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40 ta fi ɗauka. Ta sauka Legas ta jiragen ruwa wajen watan Satumba, sannan ta biyo layin dogo zuwa Arewa, lokacin Kaduna ba ta daɗe da zama hedikwatar Arewa ba. Wasu masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya.  

Rukunin jini

Karl Landsteiner ne ya gano rukunonin jini na A, B da O wajen 1901. Binciken 2020 a Wuhan, da wani a Italiya da Sifen, sun nuna masu rukunin A sun ɗan fi shiga haɗarin korona, masu O sun ɗan fi tsira. Wasu manyan binciken Amurka ba su ga wannan bambanci ba. Ba a cimma matsaya ba. Kada a haɗa wannan da gwajin AA, AS da SS da ake yi kafin aure. Mai sikila kam mura tana iya jefa shi cikin ciwon ƙirji mai haɗari.

Fumfuna

Nan ne aka fi sakaci. Ƙwayoyin wata fumfuna mai suna Aspergillus suna cikin ƙasa da ƙura da hatsin da ya sha danshi a rumbu, kuma kowa yana shaƙar su kullum ba tare da illa ba. Amma idan bairos ya ɗaye fatar hanyoyin iska, sai su samu wurin tsiro. Wani bincike na 2018 a Beljiyam da Holan ya same su a kashi 19 cikin 100 na masu murar da ke sashen kulawa ta musamman, kuma kusan rabin waɗannan suka rasu. A 2021 Indiya ta ga fiye da mutum 40,000 da cutar baƙar fumfuna bayan korona, galibinsu masu suga da aka bai wa magunguna irin deksametason fiye da kima.

Huhun da tarin fuka ya bar wa rami shi ma masauki ne ga fumfuna, kuma sau da yawa akan ɗauka tarin fukan ne ya dawo. Maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Sai an yi gwaji na musamman a ba da borikonazol ko amfoterisin B, waɗanda tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin iyalai.