Mece ce bazuwar birni, kuma me ya sa ta Kano ta bambanta da ta Amurka?

Idan masana tsara birane suka ce birni ya bazu, suna nufin garin yana cin ƙasa fiye da yadda jama'arsa ke ƙaruwa. Gidaje su yi ta miƙewa cikin gonaki, nan gida can kango, tsakaninsu filaye da ba a gina ba, har ya zama mutum ba ya iya zuwa kasuwa, asibiti ko wurin aiki sai da abin hawa. Ba kowace bunƙasa ake kira haka ba. Garin da ya ƙaru amma ya cike gurabensa, ya hau sama da benaye, girma ya yi kawai.

Yawan haihuwa da kwararowar mutane daga ƙauye suna cikin dalilai, amma ba su ne ke yanke siffar gari ba. Abin da ke yanke ta shi ne kuɗin fili, da sauƙin abin hawa, da kuma wanda ƙasa ke hannunsa.

A Kano abin a fili yake. Garin da badala ta kewaye a da, yau ya mamaye ƙananan hukumomi 8, har da Ungogo da Kumbotso waɗanda ba da daɗewa ba gonaki ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amma fulotin gwamnati bai taɓa isar masu nema ba, kuma samun takardar mallaka aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Sai talaka ya koma ga awon igiya. Manomi ya rasu, magada su raba gona, dillali ya zo da igiya da turaku ya yanka ta fuloti-fuloti, wani rabi wani kwata, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Dillalin zai ce wa mai saye, "Alhaji, kama yanzu, titi na nan tafe." Shi kuwa ya kafa harsashi, ya yi ɗaki biyu, ya haƙa rijiya da masai, ya tare da iyalinsa, sauran ginin sai yadda hali ya yi. Lungun da aka bari da ƙyar Adaidaita Sahu ke shiga, balle motar kashe gobara. Ba a ware wurin makaranta ba, ba magudanar ruwa, domin duk taku ɗaya da aka bari asara ce ga mai sayarwa. Ni dai ban ga laifin mai sayen ba. Haya a cikin gari ta gagare shi, kuma Bahaushe bai cika samun natsuwa ba sai ya ga iyalinsa a gidan kansa, da tsakar gida, da katanga. Wannan son gidan ƙasa mai fili ma kansa yana ƙara nisan gari.

Abuja kuwa tsari ne ya yi mata yawa ta wani gefe. Tun da aka mayar da gwamnati can a 1991, filin cikin birni ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, rusau ya kori wasu, sai jama'a suka taru a Nyanya da ke gefen birnin, da Mararaba da Masaka na jihar Nasarawa, da Suleja ta jihar Neja. Maiduguri tata daban ce: tun 2009 rikicin Boko Haram ke turo mutanen ƙauyuka, unguwanni suka tsiro a bakin gari cikin gaggawa.

A Amurka masu hali ne suka fita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta tsaya wa bashin sayen gida, kamfanoni suka gina unguwanni sukutum irin Levittown da aka fara a 1947 kusa da New York, sannan dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta shimfiɗa tituna mil dubu 41. Mota ta yi araha, fetur ya yi araha, kuma dokokin garuruwa da yawa sun hana gina komai a unguwannin zama sai gidan iyali ɗaya mai farfajiya. Wariyar launin fata ta taka rawa sosai: Turawa suka bar tsakiyar birane, baƙar fata kuma aka daɗe ana hana su bashi da gidajen sababbin unguwannin. Can titi da ruwa da wuta ke riga gida zuwa. A Kano gida ke riga su, wani lokaci da shekaru masu yawa.

Ko tsakanin ƙasashe masu arziki akwai rata. A 1990 Atlanta ta Amurka da Basalona ta Sifaniya kusan kai ɗaya suke a yawan jama'a, amma ƙasar da gine-ginen Atlanta suka cinye ta ninka ta Basalona fiye da sau 20, domin Basalona ta ginu a cunkushe tun kafin zamanin mota. Landan ta zagaye kanta da wani yanki da doka ta hana gini a cikinsa, abin da ya tsare gonaki amma ya taimaka wajen tsadar gidaje. Hong Kong duwatsu da teku ne suka matse ta, dole ta hau sama.

Abin da ya fi ci mini rai a tamu bazuwar shi ne ƙasar da ake binnewa. Gonakin kewayen Kano suna cikin waɗanda aka fi nomawa a Afirka ta Yamma, shekara da shekaru ba hutu, saboda a da jakuna kan kai itace birni su dawo da taki. Gonar da aka zuba wa siminti ba ta komawa gero. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sayi fili mai araha a bayan gari yana biyan bambancin kullum safe da yamma a kuɗin mota, har wasu ma'aikatan Abuja suna kwana a wurin aiki sai ƙarshen mako su koma gida.