Ilimin Kula da Ma'aikata a Jami'o'in Legas

Ilimin kula da ma'aikata, wanda a ofisoshi ake taƙaita shi da HR, reshe ne na ilimin gudanarwa da ke nazarin hulɗar ma'aikaci da ubangidansa, tun daga ranar ɗauka aiki har zuwa ranar sallama ko ritaya. A Legas ana koyar da shi a Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, da kuma Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ta 1983. Mai shiga ta jarrabawar JAMB yakan yi shekara 4 kafin ya samu digiri, kuma sai da kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin bai wuce tantance takardun masu neman aiki da raba takardar tuhuma ba. A gaskiya nauyinsa yana ga doka da lissafi. Ɗalibi zai san dokar ƙwadago, wadda ta tilasta a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, ta kuma ba shi hutun aƙalla kwana 6 na aiki bayan ya cika shekara. Wanda ya yi shekara 5 yana aiki, sai an ba shi sanarwar wata guda kafin a sallame shi. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora biyan kashi 10 cikin ɗari na albashi a kan kamfani, kashi 8 a kan ma'aikaci. Ga mafi ƙarancin albashi na ƙasa, da ya koma naira 70,000 a 2024. Jami'in da ya yi sakaci da waɗannan, kamfaninsa ne zai tsaya gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai shari'ar rigingimun ƙwadago.

Digiri kaɗai ba ya kai mutum nesa a wannan fage. Bayan bautar ƙasa, yawanci sukan zauna jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararrun fannin da aka kafa a 1968, ta samu amincewar doka a 1992, hedikwatarta na Alausa a Ikeja. Ƙofarta ma a buɗe take ga waɗanda suka karanta wani fannin daban, abin da ke ƙara gasa.

Guraben aiki suna bankunan Victoria Island, da masana'antun Ikeja da Apapa, da ma'aikatun gwamnati, da kamfanonin da ke samo wa wasu ma'aikata. Akan fara da ƙaramin jami'i, sannan a zaɓi ɓangare: ɗaukar aiki, albashi, horaswa, ko sasantawa da ƙungiyoyin ƙwadago.

Ga matasan Hausawa na Agege, Idi-Araba da Mile 12 akwai wata dama da ba a cika lura da ita ba. 'Yan Arewa da dama na aikin gadi, tuƙi da dako a birnin, galibi ta hannun 'yan kwangila, kuma wasu kan sa hannu a takardar da ba a karanta musu ba. Jami'in da zai zaunar da direba ya ce masa, "Malam, wannan kuɗin da aka cire na fanshonka ne, ga lambar asusunka," da harshen da yake ji, yakan kashe rigimar tun kafin ta kai ga shugaban ƙungiya.