Kayan Wasan Kara da Gwangwani a Ƙasar Katsina

Kayan wasan kara da gwangwani siffofi ne na motoci, dawaki, jirage da 'yan tsana da yara ke haɗawa daga karan dawa, guntayen katako da tarkacen da aka zubar. Lokacinsu kaka ne, bayan an girbe dawa da gero, kara ya bushe ya yi yawa a ƙauyukan Katsina da Daura.

Masassaƙin ƙasar Katsina turmi yake yi, da taɓarya, akushi, muciya, allo da ƙota, ba mutum-mutumi ba, domin malamai sun yi hani da sassaƙa siffar abu mai rai. An yi sassauci ga kayan wasan yara, bisa hadisin da ya nuna Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW). Shi ya sa wannan fasaha ta fi zama a hannun yara.

Yaro kan feƙe ɓawon kara ya fitar da sirara masu kaifi, sannan ya yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa. Totuwa tana da laushi, ɓawo kuwa yana shigarta kamar ƙusa, don haka ba a neman gam. Da su ake yin tabarau, keke da babbar mota har da bodinta. Motar gwangwani ta fi ƙarko. Ana buɗe gwangwanin madara ko na tumatir a daddale shi, a yanko tayoyi daga tsohon silifa, a ɗaure da waya ko robar tayar keke. Gwani yakan sa mata doguwar sanda da sitiyari, ya tuƙa ta yana tsaye, bakinsa na ƙarar inji.

Dokin kara ne ya fi suna. Dogon kara ne da ake lanƙwasa kansa, a sa masa linzamin igiya da adon tsummoki. Bayan Hawan Bariki a Katsina ko Hawan Magajiya a Daura, yaran unguwa kan yi nasu hawan, da sarkinsu mai rawani da dogarai.

Kayan wasan roba masu araha sun rage yin abin a birni, ga kuma 'yan jari-bola da ke sayen ƙarfe da gwangwani. A ƙauye, inda kara kyauta ne, ana nan ana yi.