Kafin ka kifa fuska a teku, fara tambayar ƙirjinka

A ɗakin da muke duba masu shirin tafiya, abin da aka fi tambayarmu shi ne allurar rigakafi da maganin jiri. Da wuya ka ji wani ya ce, "Na biya kuɗin fita iyo a tsibiri kaza, ko jikina zai ɗauka?" Ni kuwa ita ce tambayar da na fi so a yi mini, musamman ga masu hawa manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, waɗanda ke kwana suna tafiya, gari ya waye su tsaya a wata tasha, a sauke fasinjoji su yi 'yan awoyi a dawo.

Ga wanda bai taɓa gani ba, iyo da bututun numfashi abu ne mai sauƙin kwatance. Za ka sa tabaron ruwa da ke rufe ido da hanci, ka ciji wani lanƙwasasshen bututu da kansa ke leƙowa sama, ka kwanta rub da ciki a saman ruwa kana kallon kifaye da murjani, wato halittun nan masu kama da duwatsu kala-kala da ke ƙasan teku. Babu tukunyar iska a baya, babu nutso mai zurfi. Shi ya sa ake masa kallon wasan yara, a zaɓi fita saboda hoton da ya fi shuɗin ruwa a takardar talla. Kallon kitse ake wa rogo.

A jihar Hawayi ta Amurka, inda aka fi bin diddigin lamarin, hukumar lafiya ta daɗe tana nuna cewa a cikin baƙin da teku ke ci, masu wannan iyon ne kan gaba. Da yawansu sun haura shekara 50, wasu sun iya ninƙaya sosai, kuma sau da dama ruwan a kwance yake lokacin da abin ya faru. Binciken da aka gudanar a can ya jawo hankali ga wani abu da mutane ba su saba ji ba: taruwar ruwa a huhu cikin gaggawa, ba tare da mutum ya shaƙi ruwan teku ba. Idan kana kwance cikin ruwa, jini yana ƙara taruwa a ƙirji. Idan kuma bututun ƙunci gare shi, kowane jan numfashi sai da ƙarfi, kamar mai zuƙar abu mai kauri ta siririn tsinke. Wannan zuƙar tana iya jawo ruwan jiki daga jijiyoyin jini zuwa cikin huhu. Iskar oksijin ta ragu, numfashi ya gajarta, gaɓoɓi su yi sanyi, hankali ya fara gushewa. Mutum ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Yana nan kife kamar kowa, na kusa da shi yana zaton kifi yake kallo. Mai ciwon zuciya ko hawan jini shi ne ya fi kusa da wannan hatsari, haka wanda ya dage yana kokawa da ruwa.

Kwanan baya wani dattijo ya zo da takardar tafiyarsa, 'ya'yansa sun haɗa masa hutun mako guda a tekun Karibiyan. Ya nuna mini fitar da ya zaɓa, ta awa uku, wuri uku, duk daga cikin ƙaramin jirgi ake faɗawa ruwa. Na auna jininsa, na dubi ƙwayoyin da ya zube mini a kan tebur, kala huɗu.

Na ce, "Baba, in kun hau bene hawa biyu, sai kun tsaya kun huta?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai ruwa ba bene ba ne. Kwanciya kawai zan yi."

Na ce, "Kwanciyar ce ke sa zuciya aiki, Baba. Ga kuma tsanin da za ku kama ku hau jirgi, yana lilo, sau uku."

Ya yi shiru yana jujjuya takardar. Daga ƙarshe ya koma wurin likitan zuciyarsa, suka tsaya a kan fita ta bakin gaɓa, inda zai iya miƙewa tsaye duk lokacin da ya so.

Wannan bambancin shi ne farkon abin dubawa. Fita iri biyu ce: wadda ake shiga ruwa da ƙafa daga yashi, da wadda ƙaramin jirgi zai kai ku tsakiyar teku. Sabon shiga, da mai yara, da wanda ya manyanta, ta farko ce tasu. Ta biyun ta fi kyan gani, ba musu, amma ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba har ka koma jirgi. Tsibirin Kozumel na Meksiko, alal misali, yana gefen jerin murjanin da ya miƙe kusan kilomita 1,000 daga Yukatan ya bi ta Beliz har Honduras, na biyu a girma a duniya. Ruwansa garau ne, sai dai yana tafiya. A wurare irin su Palankar da ke gefen tsibirin, barin jiki ake yi ruwa ya tafi da kai, jirgi yana biye. Gwani daɗi yake ji. Wanda ya tsorata ya juya zai koma inda ya fito, nan da nan ƙarfinsa zai ƙare. A tsibirin Girand Kaiman na tekun Karibiyan kuwa akwai tudun yashi a tsakiyar ruwa inda ake zuwa ganin faffaɗan kifin nan mai ƙaya a wutsiya, ruwan iya ƙugu, amma sai an yi tafiya a ƙaramin jirgi kafin a kai, mai saurin amai ya sani.

Kada kunya ta hana ka tambaya kafin ka biya. Mutum nawa jagora ɗaya ke kula da su? Jagoran yana shiga ruwa tare da ku, ko daga kan jirgi yake hange? Akwai rigar hana nutsewa ga kowa, har da daidai jikin yara? Akwai iskar oksijin da kayan agajin gaggawa a jirgin, kuma akwai wanda ya iya farfaɗo da numfashi? Ana ƙirga mutane kafin a bar kowane wuri? Wanda ya amsa da "kada ka damu" kawai, bai amsa ba. Ka kuma duba ko fitar tana haɗe da barasa kyauta tun kafin shiga ruwa, don ita da teku ba sa ga maciji, kuma ko kai ba ka sha, wanda aka haɗa ka da shi ya kula da kai yana iya sha. Takardar lafiyar da ake ba ka ka sa hannu, faɗi gaskiya a cikinta. Mai farfaɗiya, mai asma, mai ciwon suga da ke yin allura, duk su ga likita tun a gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Batun kaya kuma, ni dai ba na son abin rufe fuska gaba ɗaya da ya yi tashe a 'yan shekarun nan. Yana da wuyar cirewa cikin gaggawa, ba ka iya tofar da shi kamar yadda kake tofar da bututu, kuma maras ingancinsa yana iya riƙe gurɓatacciyar iskar da ka fitar ka sake shaƙa. Bututu mai sauƙin ƙira, mai faɗin ciki, ya fi. Ka gwada jan numfashi mai ƙarfi ta cikinsa tun kana tudu. Tabaron kuma ka ɗora shi a fuska ba tare da igiyar ba, ka ɗan ja iska ta hanci. In ya manne, daidai ne, in ya faɗo, a canja maka. Masu son nutsawa ƙasa su ɗauki hoto, kada su yi ta sauke numfashi da sauri-sauri kafin su nutsa, don yana kashe jin buƙatar iska, mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa bai sani ba.

Rana tana dukan bayanka da bayan ƙafafu duk tsawon lokacin, kuma sanyin ruwa ba ya bari ka ji. Baƙar fata ma tana ƙuna, balle ga mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na doxycycline, wanda ke ƙara wa fata saurin ƙonewa. Rigar iyo mai dogon hannu ta fi kowane mai. In za ka shafa man kariya, duba abin da ke cikinsa: tun 1 ga Janairun 2021 Hawayi ta hana sayar da mai ɗauke da sinadarin oxybenzone ko octinoxate saboda illarsa ga murjani, ƙasar Palau ma ta riga ta tun 2020. Maganin jiri irin su meclizine yana sa barci, don haka a gwada shi kwana ɗaya kafin ranar fita.

Murjani dabba ce mai rai. Taka shi yana kashe shi, kuma yana yanka, yankan da ke saurin ruruwa in ba a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ba. Kifi mai ƙaya a wutsiya ba ya neman faɗa, sai an taka shi ko an tsorata shi, shi ya sa ake jan ƙafa a yashi maimakon ɗagawa. Amma ƙayar ba wasa ba ce, ita ce ajalin Steve Irwin, ɗan Ostareliyan nan mai shirin namun daji, a 2006, kuma wannan iyon yake yi a lokacin. In ta soki mutum a ƙafa, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a nemi likita. Jelifish mai siffar akwati kuwa, wata halittar teku mai laushi da ke harbi, ruwan khal ake zuba wa harbinsa, ba a murzawa da yashi, ba a zuba ruwan sha. Zancen da ake yaɗawa cewa fitsari yana maganin harbin, a bar shi.

Sai agogo. Babban jirgi yana da nasa lokacin, wanda ba lallai ya yi daidai da na garin da kuka sauka ba. Fitar da ka saya ta hannun jirgin, in ta makara, yawanci ana jiran ku. Wadda ka nema da kanka, ko da ta fi araha kuma ta fi ƙarancin cunkoso, jirgi ba ya jiran ta. A lafiyance abin da ya dame ni a nan shi ne gaggawa, mutum ya fito ruwa a gajiye yana gudun kada a bar shi. Ka bar ratar awa biyu. Asibitin cikin jirgi ma biya ake yi, kuma ba kowace inshora ce ke ɗaukar jinya a teku ko jigilar maras lafiya ta sama ba, a karanta takardar tun kafin a tashi.

A cikin ruwa, kada ka rabu da abokin da zai riƙa ɗago kai yana dubanka, kai ma kana dubansa. Da ka ji numfashi ya fara yi maka wuya, ko wata kasala ta sauko maka haka kawai, tofar da bututun, cire tabaron, juya rigingine, ɗaga hannu a gan ka, ka fita, kada kuma ka sake komawa ranar. In bayan kun dawo babban jirgi tari ya ƙi tsayawa, ko ƙirji yana yin ƙara in kana numfashi, ko majina ta fito da kumfa ko jini-jini, ka wuce asibitin jirgin kai tsaye, kada ka shiga ɗaki ka kwanta da nufin gari ya waye ka gani.