Mene ne OPT da STEM OPT, izinin aikin da ɗalibai ke samu bayan karatu a Amurka?

Duk mai ɗa ko ƙani da ke karatu a Amurka ba zai rasa jin wannan magana ba idan lokacin kammalawa ya matso: "Ina jiran OPT ɗina ya fito." A gida akan ɗauka wata sabuwar biza ce aka nema, wasu ma har su fara yi wa iyaye barka cewa yaro ya samu takardar zama. Abin bai kai nan ba. OPT taƙaitawa ce ta Optional Practical Training, wato horon aiki na ganin dama, kuma izini ne na wucin gadi da ake ba ɗalibin da ya shiga ƙasar da bizar karatu ta F-1, domin ya yi aikin da ya shafi abin da ya karanta.

A idon doka, mai OPT har yanzu ɗalibi ne. Ya karɓi shaidar digiri, ya jefa hula sama, yana karɓar albashi a kamfani, amma sunansa na nan a rajistar ɗaliban waje da ake kira SEVIS, kuma jami'ar da ya gama ita ke riƙe da fayil ɗinsa. Kamar yaron gareji ne da hannunsa ya faɗa, yana kwance inji ya ɗaura shi kaɗai, amma maigidansa bai yaye shi ba. Kusan duk ƙa'idojin da ke rikita mutane daga nan suka samo asali.

Asalin wa'adin wata 12 ne, kuma ana ba kowane fanni, daga mai karatun tarihi har mai karatun lissafi, muddin ya yi aƙalla shekarar karatu guda cikakkiya. Kowane matakin digiri yana da nasa: wanda ya ci wata 12 bayan digirin farko zai iya samun wasu bayan digiri na biyu. Inda hanya ta rabu shi ne wajen 'yan kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, waɗanda ake haɗawa a kira STEM. Su suna iya neman ƙarin wata 24, jimilla shekara uku ke nan. Wannan ƙarin shi ake ce wa STEM OPT. A 2008 aka fara shi da wata 17. A 2015 wata kotun tarayya ta soke tsarin saboda an kafa shi ba tare da jin ra'ayin jama'a ba, sai Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta sake rubuta shi, ta kuma tsawaita zuwa wata 24 daga watan Mayun 2016.

To wa ke yanke cewa karatun mutum STEM ne? Sunan da ke kan shaidar digiri ba shi ake dubawa ba. Akwai wata lamba mai alƙaluma shida da ake kira CIP, wadda jami'a ke maƙala wa kowane kwas, kuma tana rubuce a shafin farko na I-20, wato takardar da jami'a ke ba ɗalibin waje ta shaida matsayinsa, kusa da sunan fannin. Idan lambar tana cikin jerin da gwamnati ta fitar, an dace. Duk abin da ya fara da 14, wato injiniyanci, ya shiga. Haka 26 na kimiyyar halittu, da 27 na lissafi da ƙididdiga, da 40 na su fiziks da kemistiri. Sauran fannoni kuwa tsintar su aka yi ɗaya bayan ɗaya, kuma a Janairun 2022 an ƙara guda 22, ciki har da kimiyyar bayanai da kimiyyar yanayi. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun yi digirin kasuwanci ko na tattalin arziki a jami'o'i daban-daban, ɗaya ya samu shekara uku, ɗaya shekara guda. Jami'ar na farkon ta cika kwas ɗin da lissafi ta sa masa lambar da ke cikin jerin, ta biyun ba ta yi ba. Abin da zai fi ba mutanenmu mamaki shi ne digirin likitanci da na jinya na yau da kullum ba sa ciki, duk da cewa a wajenmu su ne ƙololuwar "sayans". A ganina, wannan lamba ta cancanci a tambaye ta tun kafin a amsa gurbin karatu, kamar yadda ake tambayar kuɗin makaranta, domin bayan an gama da wuya a gyara ta.

Neman izinin kansa tsere ne da kalanda. A ce ɗaliba ce za ta gama digiri na biyu a injiniyancin lantarki ranar 15 ga Mayu. Ƙofa na buɗe mata kwana 90 kafin wannan rana, wato tsakiyar Fabrairu, ta kuma rufe kwana 60 bayanta, wajen tsakiyar Yuli. Da farko za ta je ofishin ɗaliban waje na jami'arta, jami'in da ake kira DSO ya shigar da amincewarsa a SEVIS, ya ba ta sabuwar I-20. Daga ranar da ya shigar tana da kwana 30 kacal ta aika fom I-765 zuwa hukumar shige da fice ta USCIS, tare da hoto da kuɗi. A farashin da aka sa a Afrilun 2024, dala 470 ne ta intanet, 520 a takarda. Idan ta wuce kwana 30 ɗin nan, ko ta aika fom kafin jami'in ya yi nasa, ƙin amincewa za a yi, kuɗin kuma ba ya dawowa. Ba sai tana da aiki a hannu za ta nema ba. Amma ko da kamfani na jiran ta, ba ta da ikon yin aikin ko da yini ɗaya sai ɗan katin roba mai hotonta, wanda ake kira EAD, ya iso, kuma ranar farawa da aka buga a jikinsa ta yi. Katin kan ɗauki watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka masu wayo tun Fabrairu suke aikawa.

Da zarar ranar da ke kan katin ta cika, wani agogon ya fara bugawa. A cikin wata 12 ɗin, kwana 90 kaɗai aka yarda mutum ya yi ba aiki, kuma tarawa ake yi: sati uku a farko, wata guda tsakanin wannan kamfani da wancan, duk a lissafe suke. Mai STEM OPT ana ƙara masa kwana 60, ya zama 150 a shekaru ukun gaba ɗaya. Wanda ya zarce ya karya sharaɗin zamansa. Sauƙin da ke akwai a shekarar farko shi ne aikin sa-kai ma yana tsayar da agogon, in dai ya shafi fannin kuma ya kai awa 20 a mako. Da yawa sukan koma ɗakin binciken malaminsu su riƙa taya shi kafin aiki mai albashi ya samu. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne injiniya ya koma jigilar fasinja ko kai abinci gida-gida, komai yawan kuɗin da ake samu.

A ƙarin wata 24 wannan sauƙin babu shi. Dole aikin ya zama na albashi, kuma daidai da abin da ake biyan ɗan ƙasa mai irin matsayin. Dole kamfanin ya kasance cikin tsarin tantance ma'aikata na E-Verify, wanda ƙananan kamfanoni da yawa ba sa ciki. Sannan ɗalibi da shugabansa a wurin aiki za su zauna su cike fom I-983, su rubuta abin da zai koya, da wanda zai sa masa ido, da yadda za a auna ci gabansa. Duk wata shida sai ya tabbatar wa jami'arsa adireshinsa da wurin aikinsa, in wani abu ya sauya kuma ya sanar cikin kwana 10. Wajibi ne ya nemi ƙarin kafin katin farko ya mutu. Idan ya yi haka, zai iya ci gaba da aiki har kwana 180 yana jiran amsa. Sau biyu ake bayar da wannan ƙarin a rayuwa, na biyun sai da digirin da ya fi na farko.

Dalilin da ya sa ake rububin shekara ukun nan shi ne bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B. Gurbi 65,000 ake bayarwa a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu ko sama da haka daga jami'o'in Amurka, masu nema kuwa sun ninka haka, don haka ƙuri'a ake jefawa a watan Maris. Mai wata 12 yawanci sau ɗaya zai gwada sa'arsa, mai STEM ya gwada wajen sau uku. Kamfanoni sun san wannan lissafi, shi ya sa suka fi sakin jiki da ɗaukar wanda ke da shekara uku a gaba. Jami'o'i da cibiyoyin bincike da ba na riba ba su ba sa shiga ƙuri'ar.

Tsarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Open Doors na zangon 2023/24 ya ƙirga ɗaliban waje sama da miliyan 1.1 a Amurka, 242,782 daga cikinsu a kan OPT suke. 'Yan Najeriya a wannan zangon 20,029 ne, su ne na bakwai a duniya, na ɗaya a Afirka. Girman nan shi ya jawo masa abokan gaba. Majalisar Dokoki ba ta taɓa zartar da wata doka mai suna OPT ba, ma'aikata ce ta tsara shi da ikon da take da shi kan bizar ɗalibai. Wata ƙungiyar ma'aikatan fasaha mai suna WashTech ta shafe shekaru tana shari'a a kan haka, kotun ɗaukaka ƙara ta ba gwamnati gaskiya a 2022, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren ƙarar a 2023. Masu suka suna da wata hujja da ba za a raina ba: ɗalibin waje a shekarunsa biyar na farko ba a cirar masa harajin fansho da na lafiyar tsofaffi, kamfanin ma ba ya biyan nasa kason na kashi 7.65 cikin ɗari, wanda ke sa ɗaukarsa ya fi araha. Magoya baya su kuma suna cewa wauta ce ƙasa ta horar da injiniya sannan ta kore shi ya je ya gina wata. Ko ma wa ya fi gaskiya, abin da ma'aikata ta rubuta, ma'aikata na iya gogewa ba tare da an je majalisa ba.

Ga namu yaran akwai maganar zuwa gida. Katin EAD shi kaɗai ba ya shigar da mutum Amurka. Mai dawowa daga hutu yana buƙatar bizar F-1 mai rai a fasfo, da I-20 da DSO ya sa wa hannu cikin wata shida da suka wuce, da katin, da takardar shaidar aiki. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya mai wata uku, a Disambar shekarar kuma ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ɗalibai. Wanda bizarsa ta ƙare yana ciki bai yi laifi ba, amma in ya fita bikin ƙanwa ko gaisuwar rasuwa, sai ya sake neman wata kafin ya koma. Iyaye su yi wa irin wannan yaro uzuri idan ya ce ba zai samu zuwa ba.

Wanda ya je da bizar musayar ilimi ta J-1, kamar masu tallafin karatu na Fulbright, ba ya cikin wannan tsari sam. Nasa daban ne, kuma sau da yawa akwai sharaɗin komawa gida na shekara biyu. Haka wanda gwamnatin jiha ko jami'arsa ta tura bisa alƙawarin zai dawo ya koyar, izinin Amurka ba ya warware yarjejeniyar da ya sa wa hannu a gida. Sauran ƙasashe kuma kowa da nasa: Birtaniya na da bizar Graduate tun 2021, shekara biyu, uku ga mai digirin digirgir, kuma an sanar za a rage ta farkon zuwa wata 18 daga 2027, Kanada na bayar da izinin da ke kaiwa shekara uku, Jamus na ba da wata 18 na neman aiki. A Birtaniya da Kanada mai izinin zai iya yin kusan kowane irin aiki, ko ya shafi karatunsa ko bai shafa ba.